Ramin Aradu a Garkar Mata

Shekarun baya, lokacin da aka fara kawo mana famfo mai aiki da rana, saura kaɗan a raba ni da fangalina a garkar mata. Yanzu abin ya wuce, har mukan yi dariyarsa da waɗanda muka yi shi tare, amma a lokacin ba dariya a cikinsa. Ni ban yi karatu ba, ɗiyata ce ke rubuta abin da nake faɗa. In kun ga magana ta karkace, daga bakina ne.

Sai na fara da maigidana, don in ban faɗi nasa ba, ba za a gane nawa ba. Aradu ce ta kashe shi. Ƙauyenmu yana tsakanin Affala da Takanamat, kan tudu, kuma tsakanin gonarmu da gari akwai wani fako mai faɗi, ba itace ba inuwa. Yana dawowa daga noma da la'asar, hauyarsa a kafaɗa, hadari ya riske shi a tsakiyar fakon. Masu kiwo ne suka gani daga nesa, suka zo suka faɗa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Har yau in na zo nan a magana sai na tsaya na share ido, kuma ba na jin kunyar hakan.

A wurinmu mutuwar aradu ba kamar sauran mutuwa ba ce. Tun muna yara muke ji ana cewa ba ta sauka a banza, sai kan ɓarawo ko wanda ya yi rantsuwar ƙarya. Liman ya faɗa a wurin makoki cewa ajali ne kawai, kowa ya amsa da haka ne. Amma abin da aka ji tun daga kakanni ba ya fita da wa'azin yini ɗaya. Ba wanda ya taɓa faɗa mini komai a fuska. Sai dai in na iso bakin rijiya, hira ta yanke. Mutumin da ko zangarniyar geron wani bai taɓa karya ba, shi ake yi wa wannan shirun.

Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru aka haƙa mana foraj, wato rijiyar inji. Aka kafa alluna masu shan rana, waɗanda muke kira fanno, aka ɗora shato, wato tankin ruwa, kan ƙafafun ƙarfe, aka kewaye fili aka ce garkar mata ce. Aka yanka wa kowace mace fangali. Nawa ya faɗo a kusurwa, jingine da shingen fanno, don ba wadda ta so wurin, wai da nisa daga ƙofa. Ni kuwa na so shi. Na shuka albasa da zogale da ɗan salati, wato latas. Da shi nake miya, da shi nake samun sabulu da goro ba tare da na miƙa wa 'ya'ya hannu ba. Abin da ya fi wannan ma, a garka ne na koma cikin mata. Mace tana duƙe tana ban ruwa ba ta da lokacin yi wa wata shiru.

Rani ɗaya muka ci daɗinsa. Da ruwan farko ya sauka, aradu ta faɗi kusa da garkar. Ba ta taɓa kowa ba, amma da gari ya waye akwatin da ke tafiyar da famfon ya ƙone, yana warin roba. Ruwa ya tsaya. Muka koma tsohuwar rijiya mai zurfi, muna jan guga har tafin hannu ya fashe. Duk daminar nan haka muka yi ta, kuma duk wadda igiya ta ci wa hannu sai ta nemi wanda za ta ɗora wa.

Ni aka samu. Fangalin wa ke jikin fanno? Mijin wa aradu ta ɗauka? Ba sai an ƙara komai ba.

Da kaka ta yi aka ce masu gyara za su zo daga Tahoua. Kafin su iso, shugabar garkarmu ta zo gidana. Mace ce mai ƙoƙari, ita ta yi ta zirga-zirga har aka samu gyaran, ba zan rage mata ba. Ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ta tambayi ƙafata, ta tambayi tumaki, har na gane akwai magana.

Ta ce, "Inna, mun zamna mun yi shawara. Bana ki huta. Duk abin da munka girbe za mu riƙa aiko miki."

Na ce, "Na ce muku na gaji?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mata na tsoro, Inna. Sun ce abin ya san gidanku. In anka gyara ya sake ƙonewa, ba mai sake duban mu."

Na tashi na shiga ɗaki na bar ta a tsakar gida, abin da ban taɓa yi wa baƙo ba. Kukan da na yi ranar ba na albasa ba ne. Na ga kamar an sake fito da gawarsa an ajiye a ƙofar gari.

Duk da haka, ranar da masu gyara suka zo na ɗaura zanena na tafi. Ba a gayyace ni ba, amma ba a ce kada in zo ba. Babbansu wani mutum ne mai furfura kaɗan a gemu, mai magana a hankali. Ya duba akwatin da ya ƙone, ya zagaya fanno, ya duƙa yana tonon gindin ƙarafa da hannu. Sai ya miƙe ya ce waɗanda suka kafa na farko ba su yi wa aradu hanya ba.

Muka kalli juna. Hanya kuma? Ana yi wa aradu hanya?

Suka kafa wata doguwar sandar ƙarfe mai tsini, ta fi fanno tsayi, ta fi shato. Suka ɗaura mata waya mai kauri ta sauko har ƙasa. Suka haƙa rami, da ƙyar, don ƙasarmu tsakuwa ce da dutse. Suka buga sandar jan ƙarfe a ciki, suka haɗa ta da wayar, suka haɗa ƙafafun fanno da na shato duka da ita. Sannan suka zuba gawayi da gishiri a ramin, suka rufe, suka bar bakin wani bututu a waje. A cikin sabon akwati kuma suka sa wani ɗan abu mai ƙaramin ido kore, ana hango shi ta gilashi.

Wata daga cikin mata ta ce, "To yanzu ba za ta sake faɗowa ba ke nan?"

Ya ce, "Ban ce ba. Tana iya faɗowa. Amma in ta zo, kan sandar nan za ta sauka, ta bi waya ta shige ƙasa."

Nan wuri ya kaure. Wata ta ce, "Ashe kiranta kunka zo yi!" Wata ta fara tattara zanenta za ta tafi.

Ya yi dariya ya ce, "Ku tsaya, iyayena. Indararon da ke kan soron gidanku, shi ke kiran ruwan sama?"

Aka ce a'a.

Ya ce, "To in babu shi, ruwan ina zai bi? Cikin ɗaki. Wanga ma indararo ne."

Mata suka ɗan lafa. Sai ya kawo maganar da ta fi. Ya ce ƙasarmu ta Adar busasshiya ce, kuma busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wutar aradu da kyau. In ramin ya bushe ƙayau, hanyar ta toshe, wutar za ta nemi wata, ta koma kan famfo. Don haka duk rani sai an samu wadda za ta riƙa zuba ruwa ta bututun nan, musamman da bazara, don hadarin farko yakan zo ƙasa ba ta jiƙa ba tukuna. Ya ja kunne ƙwarai: sai sama tana garau ake zuwa wurin. In an ga hadari ko an ji rugugi, ko akuya ce ta shiga, a bar ta.

Ya ce, "Wa za ta riƙe?"

Kowa ta sami abin kallo a ƙasa. A wurinmu ko itacen da aradu ta taɓa ba a yin girki da shi, balle mace ta ɗauki ruwa da hannunta ta kai wa ramin da aka haƙa dominta.

Ina da taubashiya a garkar, ɗiyar kawuna, wadda tun muna 'yan mata ba ta taɓa ganina ta bar ni lafiya ba. Daga can baya ta ɗaga murya ta ce, "Mi kuke ta shiru? Ga baiwata nan tsaye. Kun ce aradu ta san gidanta, to ku ba ta, sun saba."

Wasu suka riƙe baki. Ni kaina na ɗauka da gaske take. Amma da na dube ta, na ga tana ƙifta mini ido, sai na gane inda ta dosa.

Na ce, "Na karɓa, ke mai bakin tsiya. Amma ba zan taso daga gida da wannan ƙafar don rami kaɗai ba. Mai shayar da rami tana shayar da fangalinta."

Shugaba ta duba mata, ba wadda ta ce uffan, don duk wadda ta musa ita za a miƙa wa bututun. Ta ce, "To. Daga nan zuwa damina. Amma Inna, in famfon ya sake ƙonewa, ba sai mun aiko ba."

Na ce na ji.

Da za su tafi, na bi babban nasu har wajen mota. Na daɗe ina juya tambayar a baki kafin ta fito. Na ce, "Ɗana, kai da ka san abin nan. Tana sanin mutane?"

Ya ce, "Kamar yaya, Inna?"

Na gaya masa. Na gaya masa fakon, da hauyar a kafaɗa, da abin da ake faɗa ba a gabana ba. Ya tambaye ni ko akwai itace ko wani abu mai tsayi kusa da inda ya faɗi. Na ce babu ko kara. Ya cire hularsa ya mayar.

Ya ce, "Allah ya jiƙan baba. Inna, tsayi take nema, shi ya sa munka yi sandar nan doguwa. A filin da ba komai, mutum shi ne dogo. Da ni ne a wurin, ni za ta ɗauka."

Liman ya ce ajali ne, kuma na yarda. Amma ba wanda ya taɓa gaya mini ta yadda ajalin ya bi. Na tsaya a bakin hanya ina kuka har ƙurar motarsu ta kwanta.

Haka na fara aikin. In na gama ban ruwan albasa, sai in cika bido, wato jarka, in kai wa bututu. Farko ina zubawa ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Daga baya na saba. Har nakan yi masa magana, in ce, "Sha, kai ma rani ya dame ka." Taubashiyata ta ji ni wata rana, ta zagaya garka tana shelar cewa baiwarta ta yi sabon aure, an ba ta miji mai shan ruwa ba ya cefane.

Wahalar da ba wanda ya hango ita ce ta awaki. Mutanen birni sun zuba gishiri a ƙasa suka tafi, a garin da dabba ke jin ƙanshin gishiri daga bayan tudu. Wata safiya na iske awaki sun kutsa ta ƙarƙashin shinge, sun tone bakin ramin, suna lasar ƙasa kamar an yi musu walima, wayar ta fito fili, wani bunsuru yana taunar ta. Na bi su da kara ina zagi, na faɗi, na tashi. Na sa aka kira mai gyaran ta waya, ya ce in duba ko wayar ta tsinke daga sandar. Ba ta tsinke ba. Ya ce in mayar da ƙasa in danne. Na mayar, na kwaso duwatsu na jera a kai, na sare ƙayar aduwa na kewaye. Kwana da kwanaki hannuna yana ciwo. Ba wadda ta taya ni ɗaukar dutse ko ɗaya, sai taubashiyar, ita ma daga nesa take jefo mini su tana cewa ba ta shirya mutuwa ba.

Rani ya yi nisa, muka cire albasa, bazara ta shigo da zafinta. Sama ta fara haɗa gajimare da yamma tana watsewa. Na ƙara yawan ruwan da nake zubawa. Mata suka daina yi mini wasa, kowa tana duban gabas tana dubana.

Ranar da abin ya zo, bayan azahar ne. Iska ta taso da jar ƙasa, gari ya yi duhu, muka kora dabbobi muka shige ɗakuna. Ina zaune bakin gado na ji ta. Ba rugugin nesa ba, irin ƙarar nan ce da ke zuwa tare da haskenta, kamar an tsaga faranti a cikin kunne. Irin wadda na ji ranar da aka kawo mini gawar maigidana. Na toshe kunnuwa na kifa kai a cinya, ina kiran sunan Allah, ina kiran nasa.

Da ruwa ya ɗauke, labari ya riga ni fita. Waɗanda gidajensu ke duban garka sun ce sun ga wuta ta sauko kan sandar. Muka taru a bakin shinge, maza da mata, ba mai shiga. Sandar tana tsaye, fanno suna nan. Amma ko famfon yana da rai, ba mai iya sani, don ba ya aiki sai da rana, rana kuwa tana bayan gajimare har ta faɗi. Sai gobe. Na koma gida ban iya cin tuwo ba.

Da safe na riga kowa zuwa. Sama ta wanke tas. Na leƙa akwatin ta gilashi, sai na ga idon nan kore ya koma ja. Mata suka iso, wata ta leƙa ta bayana ta ce, "Ya mutu, ga shi nan ya yi ja." Magana ta bi baki. Na ga shugaba tana tahowa a hankali, ba ta son haɗa ido da ni.

Na ce musu mai gyara ya ce in idon ya yi ja a kira shi, bai ce famfo ya mutu ba. Ya ce ɗan abin nan an sa shi ne don ya tare ragowar wutar da ta biyo waya, ya ƙone a madadin famfo. Na faɗa, amma ni ma ban tabbata ba.

Wasu tsofaffi suka kawo nono a ƙwarya, don a al'adarmu inda aradu ta sauka sai an zuba nono kafin a taka. Suka tsaya suna tura wa juna. Na karɓi ƙwaryar na shiga na juye a kan duwatsun. Ban ga laifinsa ba, ramin ba ya ƙin danshi.

Muka zauna muna jiran rana. Ban taɓa ganin hantsi mai nawa irin na ranar ba. Haske ya taɓa saman sandar, ya sauko kan shato, ya fara cin allunan ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da ya motsa. Wata ta tashi ta kakkaɓe zane. Taubashiyata ta zo ta zauna jikina, ta riƙe mini hannu, ba ta ce komai ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Sai muka ji wani ɗan gurnani daga ƙasa. Bututun da ke hawa shato ya yi tari, ya sake yi. Sannan ƙarar ruwa yana zuba cikin shato, tsululu, kamar ana tatsar saniya a babbar ƙwarya.

Guɗa ta tashi. Taubashiyata ta saki hannuna ta miƙe tana rawa tana cewa, "Mijin baiwata ya yi cefane!" Ni kuwa ina zaune kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, hawaye na zuba, ina dariya.

Shugaba ta zo ta durƙusa a gabana. Ba ta ce in yafe ba, ni ma ban nema ba. Ta ce, "Inna, in Allah ya kai mu kaka, irin albasa za ki karɓa ko na kabeji?"

Na ce, "Duka biyu."

Ta ce, "To." Sannan ta ce, "Kuma ki nuna mini yadda ake zuba ruwan. Wata rana ƙafarki za ta hana."

Mai gyara ya zo cikin makon ya sauya ɗan abin, ido ya koma kore. Tun daga lokacin an sauya shi ba sau ɗaya ba, famfon kuwa yana nan yana aiki. Yanzu ƙafar ta hana da gaske, mata ne ke karɓa-karɓa wajen shayar da ramin, har da waɗanda suka ce abin ya san gidana. Fangalina yana nan a kusurwarsa. Nakan je in zauna in cire ciyawa da hannu, in yi faɗa da masu taka mini kunya.

Ba zan ce kowa ya bar tsohuwar magana ba. Akwai waɗanda za su mutu da ita. Amma sun ga aradu ta sauka kan ƙarfen da bai saci komai ba, bai rantse da komai ba, kuma abin da ido ya gani yana da wuyar mayarwa. Daga shekarar nan aka fara ambaton maigidana a gabana kamar kowane mamaci, a ce lokacin da marigayi ya yi kaza, a yi dariya, a ce Allah ya jiƙansa. Wanda bai rasa wannan ba, ba zai san girmansa ba.

In an kawo muku fanno a garinku, kada farin ciki ya hana ku tambaya. Ku ce a nuna muku hanyar da aka yi wa aradu, da ramin da za ta shiga, da wanda zai riƙa kula da shi. Kuma in hadari ya riske ɗanku a fili, ku koya masa ya sauke abin da ke kafaɗarsa ya tsuguna, kada ya ce sai ya kai gida.

Ni dai har yau in sama ta haɗa, ɗaki nake shiga in toshe kunne, kuma nakan yi kukan maigidana kamar jiya aka yi. Wannan ba zai bar ni ba, ban ma so ya bar ni. Amma da safe in rana ta fito, sai in ɗauki sandata in nufi garka, ina sauraron shato tun daga hanya.